Sallama a Ƙofar Tsoho

A Aliero, rumfar Alhaji Dantani,
warin albasa ya shiga har cikin kwamfutata.
Sikelin da ke bakin ƙofa ya girme ni a wannan aiki.
Wanda ya rubuta masa hankali da harshen C
ban san sunansa ba.
Ƙunshi ɗaya ya bari a kulle,
da 'yar takarda mai layi goma sha ɗaya:
ga sunan kowane aiki, ga abin da yake karɓa,
ga abin da yake mayarwa.

Ni kuwa da Python na tashi,
harshe mai sakin jiki,
ba ya tambayar girman kwano kafin ya zuba,
in ka ci ka tashi, mai shara na biye da kai.

Alhaji ya ce, "Shafa'atu, ba sabon sikeli nake so ba.
Wannan bai taɓa cin haƙƙin manomi ba.
Ki dai sa shi ya yi magana da littafinki."

Na ɗauko ƙunshin, na kira aikin da sunansa,
kai tsaye, ba ko sallama.
Ya amsa.
Buhu ɗaya, wanda Mudi ke ɗagawa da kafaɗa guda,
wai nauyinsa ya haura kilo biliyan.
Mudi ya dafa ƙugu ya ce a biya shi kuɗin dako.

Laifina ne. Tsoho ya miƙo lamba mai ɗigo,
ni na tara masa hannun cikakkiyar lamba.
Bai yi ƙarya ba,
ni ce ban faɗi irin mudun da za a auna ba.

Na koma ga takarda, na zauna kamar tafinta a kotu.
Wannan gurbi huɗu yake ci, kar a ba shi takwas.
Wannan ba kaya yake so ba, kwatancen gidan kaya yake so.
Rubutu kuma, sai an rufe ƙarshensa da sifili,
in ba haka ba zai yi ta karantawa
har ya faɗa gonar maƙwabci.

Ran Laraba ya faɗa.
Babu kuka, babu bayani.
Python in ta yi tuntuɓe takan faɗi layi da dalili,
shi kuwa tsoho sai dai ya ja mu duka mu mutu tare,
allo ya yi shiru, manoma tara na jiran rasit,
janareta na cin mai a banza.

Dare biyu na yi kafin na gano:
na bar masa ɗan aike, na ce in awo ya tsaya ka tura shi,
sai mai sharata ya ga yaro tsaye ba mai riƙe da shi
ya share shi.
Tsoho ya juyo ya yi kira a ƙofar da babu kowa.

Yanzu ina riƙe hannun ɗan aiken har a tashi kasuwa.
Ƙwaryar da tsoho ya ara mini,
shi nake mayar wa, ta ƙofar da ya nuna a layi na tara,
ba na barin mai shara ya taɓa abin da ba namu ba.

Jiya motar Fatakwal ta yi lodi,
buhu ɗari uku da sha biyu, kowanne da nauyinsa a rubuce.
Alhaji ya duba, ya gyaɗa kai, ya tafi masallaci.

Na tsaya ina kallon layukan da na rubuta.
Ba su kai ashirin ba.
Ban buɗe cikinsa ba, ban san yadda yake lissafi ba.
Abin da na koya kawai
yadda ake tsayawa a ƙofarsa,
da irin hannun da ake miƙawa.

Mudi ya leƙo ya ce,
"To, kuɗin dakona na kilo biliyan fa?"